Keken ƙarfe mara giya ko na alminiyom mai giya?

Mai zuwa aiki kullum a kan keke, zaɓinsa yakan tsaya tsakanin biyu. Akwai keken ƙarfe mai tafiya ɗaya, irin su Phoenix ta Shanghai da Raleigh ta Ingila, masu taya inci 28 da birkin sanda. Akwai kuma na alminiyom mai giya 18 ko 21, wanda ya cika kasuwar gwanjo.

A nauyi dai na alminiyom ya yi gaba. In gunduwarsu girma ɗaya ce, ƙarfe ya ninka alminiyom nauyi kusan sau uku, keken ƙarfen kuma yakan kai kilo 20. Mai hawa tudun Jos da safe, ko mai ɗaga keke zuwa bene, zai ji a jikinsa.

Amma a gari shimfiɗaɗɗe kamar Kano ko Maiduguri, me giyar za ta yi maka? Sarƙar mara giya a miƙe take, ta fi kauri, ba ta yawan zamewa. Ƙurar hunturu kuwa tana shiga na'urar canza giya ta cinye haƙora, kayan gyaranta kuma sai an nema. Firam ɗin ƙarfe in ya tsage, kowane mai walda a bakin titi zai ɗinke shi. Na alminiyom sai mai injin musamman. Na ƙarfen kuma ga kariyar baya da ke ɗaukar buhu ko jarkoki ba gardama.

Aibin na ƙarfen tsatsa, don haka kada ya kwana a ruwan damina, a riƙa ɗiga wa sarƙa mai. In hanyarka ba tudu, ni na ƙarfen zan ce ka saya.