Rumfar kayan daji a Agege

Shekara shida ke nan ina zaune a Agege, kuma duk ranar da kwaɗayin kwalba da nono ya taso mini, rumfa ɗaya nake nufa: ta wani dattijo mutumin Katsina, kusa da layin dogo. Kayansa na daji ne zalla: 'ya'yan kuka, tsamiya, goruba, magarya da aduwa, wani sa'in har kanya idan mota ta iso da ita daga Arewa.

Kukar ce ta ɗaure ni a wurinsa. Ba ya sayar da niƙaƙƙen gari. A gabanki yake fasa ƙoƙon, ki ga farin gari manne da 'ya'yan, ga jajayen zaruruwa a tsakani, ki lasa, tsami ya kama miki muƙamuƙi. Garin nan ya fi lemun zaƙi bitamin C nesa ba kusa ba, ga kalshiyam, ga sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da shi a ƙasashenta, abin da muke tsinta a gindin bishiya muna yara! Rannan na ce zan dama wa yara da ruwan zafi, sai ya ce, "A'a 'yata, jiƙa shi da na sanyi, ki tace." Gaskiyarsa, domin zafi na lalata bitamin C.

Inda muka rabu da Baba shi ne maganar goruba. Yana gaya wa masu saye wai tana warkar da hawan jini. Ita ma tana da waɗancan sinadarai masu kare jiki, kuma ina shan shayinta, amma na roƙe shi ya daina faɗar haka, kada wani ya ajiye maganin asibiti.

Sai matsalar laimar Legas. Magaryar da na saya da damina, ina kwance ledar a gida na tarar ta yi fumfuna. Na mayar, ya canza mini ba musu, har da gyara. Tun daga nan da hunturu nake sayen mai yawa, in zuba a kwalba mai murfi.