Hattara da Masu Tallan "Hotunan Asali" na Ƙuruciyar Marilyn Monroe

Jama'a, ina jan kunnen duk mai sha'awar tara tsoffin hotuna. Akwai wani mutum da ke tallata hotunan Marilyn Monroe, tsohuwar tauraruwar fina-finan Amurka, a Facebook da Instagram, yana cewa na asali ne tun zamanin da take tallan kaya kafin ta shiga fim. Saura ƙiris wata ƙawata ta tura masa ɗaruruwan daloli. Allah ya sa ta fara nuna mini hotunan da ya aiko mata, kuma tun a hoton farko na ga alamar ƙarya.

A bayan hoton an rubuta 1945, a gaba kuma ga sa hannu "Marilyn Monroe", wai ita ta sa a ranar da aka ɗauka. To a 1945 babu wata Marilyn Monroe. Sunanta a lokacin Norma Jeane Dougherty, matar James Dougherty da ta aura a 1942. Tana aiki a masana'antar Radioplane da ke Van Nuys a jihar Kalifoniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai wani mai ɗaukar hoto na sojan Amurka, David Conover, ya ɗauke ta. Daga nan ta shiga kamfanin Blue Book mai samar da 'yan matan talla a 1945. Sai a 1946, da ta sa hannu da kamfanin fim na 20th Century Fox, aka raɗa mata sunan da duniya ta santa da shi. Ta yaya za ta rubuta sunan da ba a ba ta ba tukuna?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne tawadar. Baƙa ce mai kauri, irin ta alƙalamin maka mai suna Sharpie. Sharpie bai fito kasuwa ba sai 1964, ita kuwa ta rasu a watan Agustan 1962. Ko sa hannun da aka yi tana raye ma ba duka ne nata ba, domin ma'aikatan kamfanonin fim kan sa hannu a madadin taurari a kan hotunan da ake aika wa masoya.

Sai takardar. Hoton shekarun 1940 ana wanke shi ne a kan takarda zalla, in ka taɓa bayanta za ka ji takarda. Wadda bayanta ke santsi kamar leda sai a ƙarshen shekarun 1960 ta fara bazuwa. In ka sa madubin ƙara girma ka ga ɗigo-ɗigon tawada, firinta ce ta buga shi, ko da an shafa masa wani abu ya yi ja-ja kamar ya tsufa. Ba laifi ba ne a sayar da sabon bugu na tsohon hoto, da yawa ana yi da izini, da sunan mai hoton a jiki. Zaluncin shi ne a kira shi na asali, a ɗora masa farashin na asali.

Mai tallan ya haɗa wa ƙawata da "takardar shaida" mai tambarin zinare. Shi ya buga abarsa. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta yi wani bincike mai suna Operation Bullpen, ta kama gungun masu ƙirƙirar sa hannun 'yan wasa da taurari, kuma su ma da takardun shaidar bogi suke sayar da kayansu. Shaidar da ke da amfani ita ce tarihin hoton: wa ya ɗauka, hatimin mai hoton a baya, hannun wa da wa ya bi. Manyan gidajen gwanjo irin su Christie's da Julien's suna bayyana wannan kafin a fara taya kaya.

Da ƙawata ta ce ya ɗauko bayan hoton a bidiyo, sai ya fara cewa akwai masu jira, ta biya yau da katin kyauta ko kuɗin kirifto, hanyoyin da in kuɗi ya tafi ba ya dawowa. Ta ƙi, ya toshe ta. Na kai ƙarar shafin, amma har jiya tallan yana nan, da hoton nan dai da ya ce guda ɗaya ne tak a duniya.