Gafiya a Gida: Tarko ko Guba?

Tun da na kama gafiyar da ta rarake mana gindin katanga, maƙwabta ke ta tambayata: tarko ko guba?

Guba ta fi araha, ba ta da wahalar sawa. Sai dai gafiya kan kwashi abinci zuwa raminta, ta mutu can ciki, wari ya hana ku sakat. Ga kaji, ga yara, ga kyanwar da za ta ci mushen.

Tarkon keji da tsada, kuma sai da haƙuri: ka sa gyaɗa, ka duba kowace asuba. Amma yana shekaru. Ramin dai, a toshe shi da siminti.

Mai yara da dabbobi ya nemi tarko. Mai rufaffen sito kuwa, guba ta ishe shi.