Na'urar auna zafi da danshi: shin tana kare ganyen taba daga funfuna?

Babban abin da mai nuka ganyen taba yake tsoro shi ne funfuna, domin danshin da ganye yake buƙata don ya saki ɗaci da warin amoniya, shi ne kuma yake raya ta. Wannan ne ya sa na gwada ƙaramar na'urar lantarki mai doguwar waya, wadda ake cusa kanta cikin tsibin ganye, allonta kuma yana waje yana nuna zafi da danshi.

Wajen auna zafi ba ni da abin kushe ta. Funfunar da ta fi addabar taba, wato dangin Aspergillus da Penicillium, tana bunƙasa ne idan danshin iska ya haura kashi 70 cikin ɗari a ɗumi na kusan digiri 25 zuwa 35, amma idan tsakiyar tsibi ta kai wajen digiri 50, yawancinta ba ta iya yaɗuwa. Saboda haka lokacin haɗari shi ne sa'ad da tsibi yake hucewa, kuma da yake na'urar tana adana mafi ƙarancin zafin da aka samu cikin dare, mutum yana sanin lokacin da ya kamata ya juya ganyen ba tare da ya buɗe shi a banza ba.

Wajen danshi kuwa sai an yi hattara. Da na rufe ta a kwalba tare da jiƙaƙƙen gishiri, wanda ya kamata ya ba da kashi 75, sai ta nuna ƙasa da haka, kuma ba ta da maɓallin gyarawa, don haka dole mutum ya riƙa ƙara bambancin da kansa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, iskar da ke kewaye da kan wayar kaɗai take aunawa. Jijiyar tsakiyar ganye, wadda take jinkirin bushewa kuma funfuna ta fi farawa daga gare ta, ba ta shiga lissafinta, haka ma raɓar da take taruwa a gefen tsibi.

Ina ganin na'urar ta cancanci saye ga wanda zai ci gaba da duba jijiyoyi da idonsa, yana sansanar ganye, yana kuma zubar da duk wanda ya yi toka-toka ko kore maimakon ya goge shi, tun da wasu nau'o'in Aspergillus suna samar da gubar afulatoksin.