Wace na'urar sauraron waƙa za ka saya: 'yar ƙarama mai maɓalli, mai Android, ko tsohon iPod?

Ranar da kamfanin Apple ya sanar, a watan Mayun 2022, cewa ya daina ƙera iPod touch, mutane da yawa sun ɗauka an gama jana'izar na'urar sauraron waƙa ta aljihu. Sai ga shi kasuwar ta ƙi mutuwa. Sony, wanda ya fito da Walkman na kaset tun 1979, har yau yana fitar da sababbi da wannan sunan. Kamfanoni irin su FiiO da Shanling da HiBy na ƙasar Sin, da Astell&Kern na Koriya ta Kudu, kusan kowace shekara da sabon samfurinsu. Masu saye kuma suna da dalilansu. Wani ya gaji da kira da saƙonni suna katse masa waƙa. Wani wayarsa ba ta da ramin iyafis, abin da ya yaɗu tun da iPhone 7 ta fito babu shi a 2016. Wani so yake ya ba yaronsa abin sauraro ba tare da ya miƙa masa intanet gaba ɗaya ba, wani kuma kunnensa ne ke neman abin da waya ba ta bayarwa.

Kafin ka duba sunan kamfani ko kyan jiki, tambayi kanka abu ɗaya: waƙoƙina a ina suke? Idan fayil ne a kwamfuta ko a katin memori, kowace na'ura za ta yi maka. Idan kuwa duk abin da kake ji a cikin Spotify ko Apple Music yake, to rabin na'urorin kasuwa ba naka ba ne, domin waƙar da ka sauke a cikin waɗannan manhajoji a kulle take, ba za ka kwafe ta zuwa wani wuri ta yi aiki ba. Mutane da dama sun sayi 'yar na'ura mai kyau, sun dawo gida, sannan suka gane ba su mallaki fayil ko ɗaya da za su zuba mata ba.

Mu fara da ƙananan, waɗanda ake maƙalawa a wuyan riga. Fitattu a nan su ne dangin Clip na SanDisk, da suka faro da Sansa Clip a 2007. Girmansu bai wuce kwalin ashana ba, allonsu ɗan mitsitsi, kuma duk aikinsu da maɓalli ne. Wannan maɓallin shi ne martabarsu. Kana gudu, gumi na zuba, hannunka na cikin aljihu, ɗan yatsa ya lalubi gefen dama ya danna, waƙa ta wuce, ba ka tsaya ba, ba ka kalli komai ba. Gwada haka da allon taɓawa da jiƙaƙƙen hannu ka ga ikon Allah. Cajinsu yana kaiwa awa goma sha biyar zuwa ashirin da wani abu, kuma zuba waƙa ba ya buƙatar wata manhaja: ka jona da kwamfuta, ka ja folda ka saka, shi ke nan.

Sai dai a cikin dangi ɗaya ma akwai bambancin da ke cizo. Clip Jam tana da ramin katin memori amma ba ta da Bluetooth. Clip Sport Plus tana da Bluetooth, tana jure gumi da yayyafi, amma ba ta da ramin kati, abin da ta zo da shi ke nan har abada. Ka zaɓi wanda za ka iya haƙura da rashinsa. Wasu ƙananan kuma suna da iyakar adadin waƙoƙin da za su iya jerawa a lissafinsu, ko da katin bai cika ba, sai ka ga waƙa tana cikin kati amma na'urar ta yi kamar ba ta san da ita ba.

A ƙasan waɗannan akwai tarin marasa suna, masu araha kamar kyauta, waɗanda kwalinsu ke alƙawarin komai: rediyo, naɗar murya, bidiyo, har da karanta littafi. Na taɓa sayen ɗaya. Murya ba laifi, gaskiya. Matsalar ta fito ne da na zuba mata karatu mai kashi talatin, na jera su da lamba tun daga ɗaya. Ita kuwa ba ruwanta da lamba, tana bin tsarin da fayil ɗin suka shigo mata ne, sai ta tashi daga kashi na bakwai ta dira a na ashirin da biyu. Abin da ya fi ƙona min rai, in na kashe ta a tsakiyar karatun awa guda, da na kunna sai ta koma farko, ni kuma in danne maɓalli in riƙe ina jiran ta rarrafa zuwa minti na arba'in. Babu kwalin da ke rubuta irin wannan aibi. Wanda yake yawan jin lacca, darasi ko littafin da aka karanta da murya, tuna wurin tsayawa ya fi masa duk wata lambar da ke jikin kwali muhimmanci.

Batun wuri yana da sauƙin lissafi. Fayil ɗin MP3 mai nauyin kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan MB 1 a minti, wato waƙar minti huɗu MB 4. Mai nauyin 320 yana cin kusan MB 10 a waƙa. FLAC, wanda ke adana sautin faifan CD ba tare da zubar da komai ba, yakan ci MB 25 zuwa 30. Saboda haka GB 8 zai ɗauki waƙa kusan 2,000 a na farko, kamar 800 a na biyu, wajen 300 a na uku. iPod ɗin farko na 2001 GB 5 ne kacal, kuma da waƙa dubu aka tallata shi. In za ka dogara da kati, duba iyakar abin da na'urar ke karɓa: tsofaffi da yawa suna tsayawa a GB 32, domin katin da ya wuce haka da wani tsarin ajiya yake zuwa, wanda ba kowacce ke ganewa ba.

Mataki na gaba su ne masu matsakaicin girma da ba sa amfani da Android, irin su Sony NW-A55. Ni a ganina nan ne kuɗi ke yin aikinsa sosai. Suna karanta FLAC da sauran nau'o'i, suna karɓar babban kati, suna jera waƙa da sunan mawaƙi da kundi yadda ya kamata, kuma tunda tsarinsu waƙa kaɗai ya sani, ba ya shan batir a ɓoye. Ka ajiye ta kwana uku, ka ɗauko, cajin yana nan inda ka bar shi ko kusa da nan. Mai tarin fayil da ba ya buƙatar intanet, da wuya ya yi nadama a wannan aji.

Masu Android su ne ake ta hayaniya a kansu yanzu: Sony NW-A306 da ya fito a 2023, dangin M na FiiO, da manyan HiBy. Amfaninsu a fili yake, kana iya saka Spotify ko Tidal ko duk manhajar da ka saba, ka sauke waƙoƙi ta Wi-Fi, ka fita. Amma ka sani waya ce ka saya wadda ba ta kira, kuma ta gaji cututtukan waya. Tana ɗaukar lokaci kafin ta tashi. Tsarin kansa yana cinye wuri: NW-A306 mai GB 32, abin da ya rage maka bai kai GB 20 ba. Batir yana saurin zuba in Wi-Fi na kunne. Babbar damuwar kuma ta tsufa ce. Kamfanonin nan ba su cika sabunta Android ɗin na'urorinsu na tsawon shekaru ba, su kuma manhajojin waƙa suna ci gaba, wata rana sai manhajar ta ce ba ta aiki da tsohon tsari. Na'urar tana nan lafiya lau, ƙarfenta na sheƙi, amma dalilin da ya sa ka saye ta ya tafi. Sai ka duba wane Android ta zo da shi, kada ka sayi wadda tun a kwali ta riga ta tsufa. Kuma yawancinsu babu layin waya a cikinsu, in ka bar gida ba ka sauke ba, sai dai ka jona da wayarka.

Yanzu ga inda 'yan talla suka fi cin kasuwa: lambobi. Za ka ga an rubuta bit 32, kilohaz 384, DSD, da ɗan tambari mai ruwan zinariya. Faifan CD bit 16 ne da kilohaz 44.1, wanda ya isa ya ɗauki sauti har kusan kilohaz 22. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana tsayawa a wajen 20, kuma yana raguwa da shekaru. Ba na cewa masu jin bambanci ƙarya suke yi, amma ni ban taɓa iya rantsewa a kan wanne ne wanne ba in an rufe min ido. Abin da kowa ke ji nan take shi ne bambancin iyafis. In kuɗinka ƙayyadadde ne, na'ura matsakaiciya da iyafis mai kyau sun fi na'ura mai tsada da iyafis ɗin da ka tsinta a aljihun jaka, nesa ba kusa ba.

Inda na'ura mai tsada ke da hujja ta gaskiya shi ne ƙarfi. Iyafis na yau da kullum juriyarsa ba ta wuce om 16 zuwa 32, kowace 'yar na'ura za ta tuƙa shi. Manyan hedifon irin Sennheiser HD 600 kuwa om 300 ne, in ka jona su da Clip za ka ƙure murya amma sautin ya fito siriri kamar daga ɗakin maƙwabci. Irin waɗannan ne ke buƙatar manyan FiiO ko Astell&Kern, masu rami na biyu mai faɗin milimita 4.4 ban da na 3.5 da aka saba. Wannan rami na biyu yakan ba da ƙarin ƙarfi, amma sai da kebul nasa na daban. In ba ka da irin wannan hedifon kuma ba ka da niyyar saye, kana biyan kuɗin rami ne da ƙura za ta cika.

Akwai wani tarko da ya kamata a faɗa da babbar murya. In da Bluetooth za ka riƙa ji, duk kayan tace sautin da ke cikin na'urar, waɗanda su ne suka sa ta tsada, ba sa aiki. Na'urar tana matse waƙar ta aika ta iska, iyafis ɗin ne ke mayar da ita sauti da nasa ɗan ƙaramin inji. Abin da ya rage kawai shi ne yaren da su biyun ke magana da shi. LDAC na Sony yana kaiwa kilobit 990 a daƙiƙa, amma sai ɓangarorin biyu sun iya shi. AirPods ba su san LDAC ba, ba su san aptX ba, AAC suke ji. Wanda ya haɗa na'urar manyan kuɗi da AirPods bai samu abin da wayarsa ba ta ba shi ba. Masu iyo kuma su manta da Bluetooth gaba ɗaya, ruwa yana haɗiye siginar. Nasu shi ne irin Sony NW-WS413, wanda na'urar da iyafis ɗin abu ɗaya ne, waƙar tana cikinsa.

Tsohon iPod fa? Na san masu ƙaunarsa, kuma ban ga laifinsu ba: wannan zagayayyen maɓallin da ake murzawa da babban yatsa har yau ba a yi abin da ya fi shi daɗin lalube cikin waƙa dubu goma ba. Amma iPod classic an daina shi tun 2014, nano da shuffle a 2017, don haka duk wanda ka gani na hannu ne, ko kuma ya yi shekaru a kwali. Batirinsa ya tsufa ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Classic yana da faifan ajiya mai juyawa a ciki, wanda faɗuwa ɗaya ke iya kashewa, ba shi da Bluetooth, kebul ɗinsa mai faɗin baki ne na da, kuma ba ya karanta FLAC sai an canza masa tsari zuwa wata manhaja ta daban mai suna Rockbox. Masu son kwance-kwance suna cire faifan su saka katin memori, su canza batir, su samu abin da zai ƙara shekaru. In kana jin daɗin irin wannan aiki, bismillah. In so kake ka buɗe kwali ka fara ji, wuce. Zune, na'urar waƙa ta Microsoft, da ya rayu daga 2006 zuwa 2011, sai dai don ajiyar tarihi.

Gaskiya ɗaya da mai sayarwa ba zai so ka ji ba: in ingancin sauti kaɗai kake nema, ɗan guntun kebul ɗin nan da ake soka wa a ramin cajin waya, mai ramin iyafis a ɗaya ƙarshen, zai kai ka mafi yawan tafiyar. Na'ura ta daban tana da ma'ana ne in kana son rabuwa da wayar kanta.

Ka lura kuma da inda aka yi nufin sayar da na'urar. Samfuran da ake kaiwa Turai, musamman na Sony, ana rage musu ƙarfin murya saboda dokokin kare ji, abin da ke damun masu manyan hedifon. Ga mai ƙaramin iyafis ba asara ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar kada su wuce desibel 80 na awa 40 a mako.

In ka samu damar riƙe na'urar kafin ka biya, je da katinka da iyafis ɗinka, kada ka yarda da waƙar gwajin da suka zuba. Tsayar da waƙa ka saurari shirun: in kana jin wani siririn huci a kunne, da shi za ka zauna kullum. Buɗe folda ka ga ko ta bi lamba. Saka ta a aljihu ka gwada wuce waƙa ba tare da ka duba ba. Sannan kunna fayil mai tsawon awa guda, kai shi tsakiya, kashe na'urar gaba ɗaya, ƙirga goma, ka sake kunnawa.