Sharhi kan Ƙaramar Na'urar Karanta Faifai ta USB, da Matsalar Tsayawar Kwafi a Tsakiyar Fim

Na'urar da nake magana a kanta siririya ce, irin wadda ake jona wa kwamfuta ta kafar USB domin karanta faifan CD da na DVD. Na sayo ta a birnin Kano saboda kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu ba sa zuwa da wurin saka faifai, alhali aikin da ake kawo mini a shagona da ke wani ƙauye a ƙasar Gaya bai rabu da faifai ba. Mutane sun bar kallo a akwatin DVD sun koma waya, amma a cikin adaka da ƙarƙashin gado akwai faya-fayan biki da suna da saukar Alƙur'ani da tarbar alhazai, ga kuma tsofaffin fina-finan da aka saya tun zamanin da Ƙofar Wambai ke cike da masu sarin faifai. Abin da masu su ke buƙata shi ne a juye musu a memori ko filash kafin faifan ya lalace gaba ɗaya. Na yi aiki da na'urar daga hunturu har zuwa damina, kuma hukuncina a kanta shi ne ta ci kuɗinta, sai dai duk wanda ya dogara da ita kaɗai zai riƙa mayar wa mutane faifan da sauran ransa, yana ce musu ya mutu.

Idan faifai lafiyayye ne, musamman na kamfani wanda cikinsa fari ne kamar azurfa, ba ni da ƙorafi. Kwamfuta tana gane na'urar ba tare da an saka wata manhaja ba, kuma cikakken DVD mai ɗaukar gigabait 4.7 yakan juye cikin minti goma zuwa sha biyar. Ba ta da nauyi, tana shiga aljihun jaka, ba ta kuma neman soket nata na daban.

Wannan rashin soket ɗin shi ne tushen matsala ta farko, wadda mutane da yawa ke ɗora wa faifai laifinta. Na'urar tana shan wutarta ne daga kafar USB, kuma tsohuwar kafa ta USB 2.0 bisa ƙa'ida miliamfa 500 take bayarwa, yayin da ta USB 3.0, wadda galibi cikinta shuɗi ne, take bayar da 900. A daidai lokacin da injin ke tayar da faifai zuwa cikakken gudu, yakan nemi fiye da abin da tsohuwar kafa ke iya ba shi. Alamar ba ta ɓuya: za a ji faifan ya ɗauki juyi, sai ya yi ƙas-ƙas ya tsaya, sai ya sake ɗauka, wani lokaci ma na'urar ta ɓace daga kwamfuta a tsakiyar kwafi ta dawo kamar yanzu aka jona ta. A wurinmu da ake aiki da sola, kwamfuta kuma takan yini a kan batirinta, abin ya fi yawa. Da na mayar da ita kafa mai shuɗi, na kuma sa kebul mai baki biyu wanda ke jan wuta daga kafa biyu, wannan nau'in matsalar ya ɗauke. Shuɗiyar kafa ba ta ƙara mata sauri ba, domin iyakar gudun na'urar a kan DVD bai wuce megabait 11 a daƙiƙa ba, wanda tsohuwar kafa ma ke iya ɗauka. Wutar ce kawai ake nema. Kebul ɗin da aka haɗo ta da shi gajere ne ƙwarai, kuma ƙara masa tsawo da wani siririn kebul yana dawo da matsalar nan take. A ganina mai sayarwa ya kamata ya faɗi wannan tun a kanti.

Matsala ta biyu daga ƙirar na'urar take. A irin waɗannan siraran, idon da ke karanta faifai yana kan tiren ne, don haka duk lokacin da aka buɗe, idon yana fitowa fili. A watannin hunturu, lokacin da ƙura ke sauka a kan komai ko da an rufe ƙofa, buɗe tire na ɗan lokaci ya isa ya dusashe idon. Tsohuwar na'urar da ke cikin kwamfutar tebur tana ɓoye idonta a ciki, tiren kaɗai ke fitowa. Hanyar gane ko ido ne ko faifai mai sauƙi ce, wato a gwada wani faifan da aka tabbatar da lafiyarsa. Sai dai a gwada CD a kuma gwada DVD, domin hasken lesa iri biyu ne a ciki, na CD daban, na DVD daban, kuma ɗaya yana iya raunana ɗaya na aiki garau. Na'urar da ke karanta CD ta ƙi DVD ba lallai ƙura ce ke damunta ba. Idan kuwa duka biyun take wahala da su, ana goge idon a hankali da tsinken auduga da aka ɗan jiƙa da sifirit, ba tare da dannawa ba, saboda idon yana lilo ne a kan wasu siraran wayoyi, a bar shi ya bushe kafin a rufe.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne faifan VCD, kuma a nan ne ya kamata a yi wa na'urar adalci. Yawancin tsofaffin fina-finanmu da bidiyon bukukuwa a VCD suke, tsarin da aka fitar a 1993, wanda ke ɗaukar abin da bai wuce minti 80 ba a faifai ɗaya. Domin a samu wannan wurin, an rage wa ɓangaren bidiyon wani kaso na bayanan gyaran kuskure da faifan ajiyar fayil ke da su. Akwatin kallo bai damu ba, idan ya iso wurin da ya karce sai hoto ya farfashe na ɗan lokaci, murya ta yi tsalle, fim ya ci gaba. Kwamfuta kuwa, idan aka ce ta kwafe fayil ɗin DAT da ke cikin foldar MPEGAV, so take kowane ɓangare ya fito daidai, da zarar ta kasa karanta guda sai ta tsaya ta fitar da saƙon kuskuren CRC, wato alamar cewa bayanan ba su karantu daidai ba, ta watsar da duk abin da ta riga ta kwafa. Shi ya sa mai faifai zai rantse cewa jiya ya kalle shi a gida, kuma gaskiya ya faɗa. Babu na'urar da za a saya ta kawar da wannan, manhajar kwafi ce ake sauyawa.

Wurin da kwafin ke tsayawa yana ba da labari. Ana rubuta bayanai a faifai daga tsakiya zuwa baki, saboda haka idan kullum a ƙarshen fim ake maƙalewa, a duba gefen faifan na waje, inda yatsu ke kamawa, inda kuma faifan da ya lanƙwasa saboda zafi ya fi karkata. A nan ne raunin wannan na'ura ya fi fitowa. Tana riƙe faifai da wasu ƙananan haƙora a tsakiya, ba ta da abin da ke danne shi daga sama kamar babbar na'urar tebur, don haka faifan da ya ɗan lanƙwasa, ko wanda mai ɗaukar bidiyo ya manna masa takarda mai hoton amarya a karkace, yakan yi ta rawa, ƙararsa ta cika shago, karatu ya gagara. Haƙoran nan kuma suna ƙara tsaga faifan da ramin tsakiyarsa ya fara tsagewa, irin wannan ba na saka shi a cikinta ko kaɗan.

Akwai bambanci tsakanin CD da DVD da ya kamata mai wannan sana'a ya sani. A CD, bayanan suna dab da saman da ake rubutu a kai, ƙarƙashin wani siririn fenti, robar mai kaurin milimita 1.2 tana ƙasa. Karcewar ƙasa ana iya lallaɓa ta, amma idan saman ne ya karce, ko aka ɓare takardar da aka manna ta tafi da azurfar, bayanan sun tafi ke nan. A ɗaga faifan a hasken rana, in an hango ƙananan ramuka da haske ke ratsawa, wurin ba zai karantu a kowace na'ura ba. DVD kuwa faranti biyu ne masu kaurin milimita 0.6 aka manne, bayanan na tsakiya, shi ya sa ya fi jure karcewar sama. Sai dai faifan da aka ƙona, wato aka rubuta, a kwamfuta, mai ciki shuɗi ko ruwan shanshanbale, rini ne ke riƙe da bayanansa, kuma rana da zafi suna cin rinin. Faifan da ya shekara a kan taga, ko a ɗakin kwano a bazarar da zafi ke haura digiri 40, yana iya zama fes a ido amma ya dushe a wurin na'ura.

Game da gogewa, al'adar hura iska da baki a murza faifai da gefen riga a zagaye tana ƙara ɓarna, domin karcewar da ta bi zagayen faifai tana shafe dogon layin bayanai a jere, yayin da wadda ta ratsa daga tsakiya zuwa baki ke taɓa kaɗan daga kowane layi, tsarin gyaran kuskure ya cike gurbin. Ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa da ƙyalle mai laushi sun wadatar, a shafa daga tsakiya zuwa waje. Fetur da wasu ke sawa yana iya dusashe robar. Man goge baki yana rage ƙaramar karcewa a wasu lokuta, amma kankare robar yake yi, ba na kai wa gare shi sai komai ya ƙi.

Abin da ya fi ceto faya-fayai a hannuna shi ne rage gudu da kuma manhajar da ba ta fushi. Manhajar ImgBurn, wadda kyauta ce a kan Windows, tana bari a sauke gudun karatu, a kuma umarce ta ta tsallake wurin da ya gagara bayan ta sake gwadawa. Na'urar tana bin umarnin rage gudu a kan CD, a kan DVD kuwa ba kullum ba, wanda na ɗauka a matsayin naƙasu. Ga VCD, IsoBuster tana iya ciro bidiyon tana tsallake ɓangarorin da suka mutu. Ga DVD mai taurin kai, babu kamar manhajar GNU ddrescue a kan kwamfuta mai tsarin Linux, domin tana fara kwashe duk abin da ke karantuwa cikin sauƙi, tana rubuta taswirar wuraren da suka gagara, sannan ta dawo kansu ɗaya bayan ɗaya. Amfanin taswirar shi ne ana iya cire faifan a kai shi wata na'urar a ci gaba daga inda aka tsaya.

Haka na yi da faifan wani dattijo da ya biyo ta shagon ranar Juma'a a hanyarsa ta zuwa kasuwar Wudil. Bikin 'yarsa ne, a ciki kuma akwai ƙaninsa da ya rasu. Ya ce, "Ɗana, an ce mini ya mutu, amma ka duba, ko fuskarsa kaɗai aka samu ta ishe ni." Na ce, "Baba, ku bar shi zuwa gobe, abin da Allah ya sa ya fito za ku gani." Ƙaramar na'urar ta kwashe mafi yawan faifan, ta kasa gefen waje. Tsohuwar na'urar tebur da na ciro daga wata matacciyar kwamfuta ta karanta kusan duk abin da ya rage, abin da ya ɓace bai wuce 'yan daƙiƙu ba a wajen kamu, inda hoto ya farfashe ya dawo. Na taɓa ganin akasin haka ma, ƙaramar ta karanta wurin da babbar ta kasa, domin kowace na'ura da yadda take fama da faifai mai rauni.

Saura abubuwa biyu da ke kama da lalacewa alhali ba ita ba ce. Wasu masu ɗaukar bidiyon biki sukan ɗauka kai tsaye a kan DVD da rakoda, su manta ba su rufe faifan ba, wato ba su ba rakodar umarnin kammala shi yadda wasu na'urori za su iya karanta shi ba, sai kwamfuta ta nuna shi kamar babu komai a ciki, ko da yake zoben ƙuna yana bayyane a cikinsa. Mafi sauƙi shi ne a mayar da shi irin rakodar da ta ɗauka a rufe shi, kada kuma a yarda kwamfuta ta yi masa fomat idan ta tambaya. Na biyu shi ne lambar yanki a faya-fayan kamfanonin waje, wadda ke hana na'urar wani yankin duniya kunna faifan wani yankin. Najeriya da Indiya suna yanki na 5, Amurka na 1, Turai da Saudiyya na 2, kuma na'ura sau biyar kawai take yarda a sauya mata yanki kafin ta kulle a kan na ƙarshe. Irin waɗannan faya-fayan galibi suna ɗauke da kariyar hana kwafi, wadda ke sa kwamfuta ta fitar da saƙon kuskure a kan faifan da ko ƙwarzane babu. Ba na shiga wannan aikin, kuma juye fim ɗin wani domin sayarwa satar fasaha ce a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, ko fim ɗin na Kano ne ko na Mumbai.

Wanda ke da 'yan faya-fayai masu lafiya da yake son juyewa a gida, wannan na'ura ta ishe shi, in dai ya haɗa da kebul mai baki biyu ya kuma riƙa ajiye ta cikin leda. Mai shago da ake kawo wa faifan da ya sha rana da ƙura kuwa, ya saye ta a matsayin ta biyu, ya nemi tsohuwar na'urar tebur wurin masu gyaran kwamfuta tare da abin jona ta da USB mai soket nasa, tun kafin su ƙare a kasuwa.