Lambar ta fi babur ɗin tsada: yadda ta kaya tsakanina da dillalin lambobi a Ingila

Babur ɗin BSA Bantam ne ƙirar 1959, irin waɗanda aka riƙa ƙerawa a unguwar Small Heath, nan Birmingham inda nake zaune. Shekara bakwai ke nan da na saye shi fam 900 a hannun wani dattijo maƙwabcina da ƙafa ta hana shi hawa. Na ɗana shi bazara ɗaya, kabureta ta fara ba ni wahala, sai na tura shi rumfar bayan gida, na sanar da DVLA, hukumar rajistar ababen hawa ta ƙasar, cewa ya bar titi, abin da suke kira SORN. Tun daga nan ƙura ce ke hawansa.

Bakaniken da na kira bara don ya duba ko zai tashi, ko injin bai taɓa ba ya tsaya yana kallon bayan babur ɗin. Ya ce, ka san abin da kake ajiye da shi kuwa? Lambar babur ɗin yake nufi: harafi uku ne da alƙaluma biyu, babu komai bayansu. A ƙasar nan tun 1963 aka fara saka harafin da ke nuna shekarar rajista, saboda haka lambar da ta girmi wannan lokaci ba ta tona shekarun mota, ana iya ɗora ta kan kowace iri. Ga ta gajera, kuma haruffan sun dace da farkon sunayen mutane da yawa. Masu kuɗin nan ba sa wasa da wannan. A 2014 an sayar da lamba 25 O sama da fam dubu 500 a gwanjon DVLA. Tawa ba ta kama ƙafar wannan ba, amma dai na kwana ina lissafi.

Na zaɓi ɗaya daga cikin manyan kamfanonin dillancin lambobi a intanet, na cika musu fom. Washegari saƙo ya shigo: sun ƙiyasta ta fam 6,500. A nan ne ƙorafina na farko yake, kuma shi ne babba. Wannan adadin ƙugiya ce kawai. Da na ce to ku saya, sai suka ce in kuɗi hannu nake so fam 2,200 za su bayar. In kuwa zan jira, in faɗi abin da nake so ya shigo aljihuna, su ɗora la'adarsu a kai su tallata. Dillali dai dillali ne, ko a kasuwar Wudil ko a Birmingham, sai dai na can yana kallon idonka in zai karya maka farashi.

Na ce su tallata. Amma kafin nan sai an cire lambar daga jikin babur, kuma wannan aikin ni na yi shi, ba su ba. Abin yabo, matar da ke riƙe da fayil ɗina ta zayyana mini sharuɗɗan tun kiran farko, ba ta ɓoye komai ba. Dole abin hawan ya iya tafiya da ƙarfin injinsa. Dole a ga ana biya masa haraji ko yana kan SORN shekara biyar a jere babu giɓi. Sannan ga wanda ya ba ni mamaki: abin hawan da ya haura shekara 40 an ɗauke masa MOT, gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara, amma in lambarsa za ka cire, sai ya ci gwajin. Nawa da ya wuce shekara biyar a ajiye, sai da na mayar da shi kan rajistar haraji ma, ko da yake tsofaffi irinsa ba sa biyan ko kwabo. Tayoyi biyu, wayar birki, batir, wankin tanki da kabureta, kusan fam 300 suka tashi. Gwajin kansa fam 29.65.

Ɓangaren DVLA ba shi da wani dogon labari. Fam 80 ne kuɗin cirewa, na aika fom V317 tare da takardar mallaka V5C zuwa ofishinsu da ke birnin Swansea, bayan makonni aka aiko mini da takarda V778, wadda ke riƙe maka lambar shekara goma. Matar nan ta ja mini kunne cewa kada in kuskura in tura wa kowa hoton takardar, domin da alƙaluman da ke jikinta wani zai iya ɗora lambar kan motarsa ta intanet, ni ina nan ina jiran ciniki. Ba a yi mako biyu ba wani ya turo mini saƙo a Facebook wai zai saya, in nuna masa shaida. Da ban ji gargaɗin ba, da na tura.

Sai jira. Wata biyar. A tsakani na tarar da lambata a shafuka huɗu daban-daban, kowanne da farashinsa, bambancin ya kai fam dubu ɗaya. Da na tambaya suka ce ai abokan hulɗarsu ne. Duk wata kuma sai an kira ni, kasuwa ta yi sanyi, ko zan ɗan sauko? Sau biyu ina cewa albarka. A na uku, ana gab da azumi, hidima ta taso, na sallama a kan fam 3,400. Har yau ba su gaya mini nawa mai sayen ya biya ba.

Wajen biya kam babu kwana-kwana. Sun riƙe kuɗin mai saye a hannunsu har takardu suka kammala, kwana huɗu bayan nan na gan su a asusuna cif. Don wannan kaɗai zan iya sake bi ta wurinsu. Wanda zai gwada, ya nemi ƙiyasin kamfani uku, ya duba abin da irin lambarsa ta tashi a gwanjon baya, kuma tambayarsa ta farko ta kasance nawa za ku ba ni yau.

Babur ɗin yana nan, yanzu ma ya fi da lafiya. An ba shi wata lamba mai dacewa da shekarunsa, an rubuta a takardarsa cewa ba a iya sake cire ta. Masu tara tsofaffin babura ba sa son haka, a wurinsu ka raba yaro da sunan yankansa ne, kuma farashinsa yana sauka. Watan jiya na hau shi na je gaida dattijon da ya sayar mini. Ya fito da sandarsa, ya shafa tanki, ya zagaya baya. Ya daɗe a tsaye, sannan ya karanto mini tsohuwar lambar da ka, ya ce in shigo mu sha shayi.